Ƙafar Tela

Shekara talatin ina taka keke a Bagalam,
ƙafar nan ta ciyar da gida tun ba a jawo wuta layinmu ba.
Yanzu ita ke cina.
Da dare kamar na taka garwashi,
da asuba cinnaka sun yi sansani a diddige.
Gwiwa ta kumbura,
wandon da na ɗinka da hannuna ya ƙi shiga.

Lokotoro ya ce jijiya ce.
Jikka shida ta tafi a kan farar ƙwaya.
Na sha saiwa, na shafa man kaɗanya,
Ɗan Jimma wanzami ya kafa mini ƙaho sau uku.
Ciwo na nan, ya fi mai bin bashi naci.

Sai Tsahara, autata, ta dawo daga jami'a
da leda cike da ɓawon gujiya.
Ta rataye a tsohon ɗakin awaki,
tana yayyafa ruwa safe da yamma.
Kwana ashirin, abu ya leƙo fari fat,
kunne bisa kunne.

Na ce ke, laimar kwaɗi ce!
Wadda muke shuri a bakin gulbi in damina ta zauna?
Kuɗin lakwal ɗin ke nan?

Ta ce Baba, ba ta juji ba ce,
kar ka kuskura ka tsinko ta daji, akwai mai kisa.
Wannan ana bincike a kanta,
wai tana lallashin jijiya, tana kwantar da kumburi.
Wai na ce. Ban yi maka alkawari ba.
Ƙwayar lokotoro kuma, kar ka ajiye ta.

Ta shanya, ta daka, ta barbaɗa a miyar kuka.
Kullum sai ta buɗe littafi:
yau zafin nawa ne cikin goma?
Ni da na auna rabin mazan Maraɗi,
ban taɓa auna ciwo ba.

Shekaranjiya na ce bakwai.
Yau na ce shida.
Ban sani ba ko laimar ce, ko ƙwayar,
ko zaman da take yi bayan isha'i
riƙe da ƙafar da hannu biyu.

Akwai rigar ɗan makwabci, rabi ɗinki,
tun watan jiya take kallona.
Na goge keke, na ɗiga masa mai.
Ban taka ba tukuna.
Na dai ɗora ƙafa a kai.