'Yar Benóný

A ƙasarmu suna ba ya yin nisa.
Daga uba zuwa ɗa, nan yake sauke kaya.
Rigar ulu ce da aka saƙa wa mutum ɗaya,
ɗansa ya ɗan yafa, jika kuma sai tasa.

Ni ce Steinunn Benónýsdóttir,
'yar Benóný ke nan, da harshen mutanen Aislan.
Haruffa goma sha uku nake ja a bayana
tun daga ajin farko a Ísafjörður
har takardar fanshon kamfanin kifi,
ban taɓa tambayar me nake ja ba.

Babana mai dariya ne.
Dariyarsa kan riga jirginsa isowa gaɓa.
Yatsa uku igiyar koma ta cinye masa,
ya ce saura bakwai, sun isa riƙe kofin gahawa.
In dare ya ƙi wayewa wata biyu cur,
dutse ya ɓoye mana rana kamar marowaci da kuɗinsa,
shi ne mai kunna fitila yana yi wa duhu ba'a.

Ranar da muka kai shi makwanci
ƙasa ta daskare, sai da aka kawo injin haƙa.
Limamiyar cocinmu, yarinya ce sabuwar zuwa,
ta buɗe baki da kyakkyawar niyya,
ta ce sunan nan daga Ibrananci ya zo,
ma'anarsa: ɗan baƙin cikina.
Wata uwa ce, in ji ta, a can dā,
naƙuda ta kama ta a kan hanya,
ta raɗa wa jaririn sunan da numfashinta na ƙarshe.
Uban ya ce a'a, ba za a kira shi haka ba,
ya sake masa suna: ɗan hannun dama.

Na tsaya da safar hannu ɗaya,
ɗayar ta faɗi ban sani ba.

Sai na tuna kakata Sólveig.
Cikinta wata bakwai
teku ya karɓi Torfi da mutum biyar,
bai dawo da ko hula ba.
Ta haihu ita kaɗai a ɗaki mai rufin ciyawa,
iska tana dukan ƙofa kamar mai bin bashi.
Ashe ta san abin da ta raɗa.
Ashe ta karanta, ta zaɓa.
Wanda zai ce a'a, ya gyara sunan,
yana can ƙarƙashin ruwa, bakinsa cike da gishiri.

Shekara tamanin da ɗaya
babana ya ɗauki hawayen uwarsa a ka,
ya amsa shi a coci, ya amsa shi a kasuwar kifi,
ya sa hannu da shi a takardar aure,
ya lanƙaya mini shi, da ni da ƙanena Hjalti.
Ko ya sani? Ban sani ba.
Mai yiwuwa shi ya sa dariyar ta yi yawa,
kamar mai kwashe ruwa daga jirgi mai yoyo.

Ɗana Ketill ba ya ɗauke da shi,
sunan nasa uban yake ja.
Na ce to, madalla, abin ya ƙare a kaina,
a binne ni da shi, a huta.

Jiya da dare ya bugo waya daga Akureyri.
Namiji ne, Mama, kilo huɗu saura kaɗan,
ga murya kamar ta kakansa.
Muna so mu sa masa Benóný.

Na dubi taga. Ƙanƙara tana sauka a kan jirage.
Bakina ya cika da abin da limamiya ta faɗa,
na ji shi har kan harshe, na haɗiye.
Kalma ce, ta yi shekara tamanin a bakin mai dariya,
ko dutse ne ai ya yi sulɓi.

Na ce masa, sa wayar kusa da bakinsa,
in ji kukan tukuna.