Igiyar Awo

Ran Laraba yakan baro jami'a
da ƙurar alli a hannun riga.
Ni ke buɗe masa ƙofar kaso,
ni da ya taɓa kayarwa a jarrabawa.

Farfesa Tanimun ba ya dogon jawabi.
Igiyar awo yake warewa:
taku tara, mutum sittin,
barci sai an bi layi
kamar famfon Garin Malam a bazara.

Akwai wanda akuya ta kawo,
shekara uku alƙali bai kira shi ba.
Akuyar ma ta mutu.

Takardun Malam sun sha hanyar Yamai,
furfura ta riga amsa isowa.

Bana aka fasa taga ɗaya.
Ya daɗe yana hango duwatsun Birni,
sannan ya miƙo mini bakin igiyar:
"Riƙe."