Kuɗin Hannu

Alhaji Mutari na Kasuwar Dole
ya ce in zana masa tambarin shago.
Kwana uku ina gaban ordinatar,
kuran na zuwa, yana komawa.
Na ce jika ashirin.
Ya yi dariya: "Zane ne fa, ba gini ba."
Na karɓi bakwai, har da godiya.

Da la'asar Ɗan Tanin magini ya zo
ya duba katangar da damina ta ci,
ya auna tsakar gida da taki,
ya ce, "Jika ashirin,
ban da ruwan garuwa."
Bakina ya soma, "Yaɓe ne fa..."
sai na haɗiye sauran.

Bakwai ɗin na ƙirga masa kafin alƙalami.
Gobe zai fara daga gindin zogale.