Agugu a Gindin Randa

Cikin gwangwanin madara ya iso Rafindadi,
kwana biyu a mota daga Gembu,
Nafi'u na rungume da shi a cinya.
Ya ce, "Yaya, tsarabarki ke nan."
Na duba: ba zuma, ba ganyen shayi,
sai wani kore mai haƙora kamar mataji,
rabinsa ma ya langaɓe.

Gwaggo Tasalla ta leƙo ta katanga.
"Ana miya da shi?"
A'a.
"Yana fure?"
An ce ba ya yi.
"'Ya'ya fa? Ko inuwa?"
Na yi shiru.
Ta ce, "To, kin yi baƙon da bai iya gaisuwa ba."
Malam Ilu mai magani ya murza ganyen, ya sansana,
ya ce, "Agugu ne. Saiwarsa ke korar tsila."
Ya miƙo hannu zai ƙara,
na janye gwangwanina.

Da kuskure na fara.
Na kai shi tsakar gida, inda zogale ke taƙama,
don a sanina rana uwar tsiro ce.
Kafin la'asar gefensa ya soye
kamar ƙosan da aka manta a kasko.
Na yi masa ban haƙuri da ruwan burtsatse,
zartsi ya fito fari fat a bakin ƙasa.
Kunne bakwai ya zo da su.
Uku suka rage.

Randar ɗakina ce ta yi ceto.
Tana gumi dare da rana, ba mai ce mata sannu,
ƙasan gindinta kullum da danshi.
Nan na ajiye shi,
inda haske ke shigowa da sallama ta labule.
Na sake masa gida: tukunya mai huda a gindi,
ruɓaɓɓen ganyen mangwaro, yashi kaɗan, garin gawayi.
Da damina na tara masa ruwan indararo a jarka shida,
na rubuta a jikinsu: kada a taɓa.

Bazara ta zo, wuta ta ɗauke,
fanka ta tsaya cak, bango na huci.
Na jiƙa tsohon zani na rataya a taga,
na guntsi ruwa ina fesa masa
yadda mai guga ke yi wa shadda.
Yaran gida suna dariya a bayan ƙofa.
Su yi.
Ban taɓa ganin Gembu ba,
amma kowace azahar ina gina ta a kusurwar ɗaki,
taku biyu tsawonta, taku biyu faɗinta.

Wata safiya na juya ganye,
na ga ɗige-ɗige ja-ja, jere kamar zanen kalangu.
Gabana ya faɗi. Ciwo!
Na ɗauko reza na kankare su tas.
Da dare Nafi'u ya kusa shiɗewa a waya:
"Yaya, irinsa ne kika aske!"
Ashe mai ɓoye 'ya'yansa a bayan riga ne,
ni da Gwaggo muka ce masa juya.

Yau ga sabon kunne ya ɓullo,
a nannaɗe kamar wutsiyar hawainiya.
Ba ya sauri.
Kullum sai ya warware gaɓa ɗaya,
kamar mai kwance bakin zani
yana tunanin ko ya biya.

Jiya Gwaggo ta zo aron rariya,
ta zauna kusa da randa, ta daɗe.
Ta ce nan ya fi sanyi, shi ke nan.
Da za ta tashi ta ce, ba ta dube ni ba,
"In an raba saiwar, yana mutuwa?"
Na ce ban sani ba tukuna.
Rariyar tana nan inda ta bar ta.