Katin Awo

Katin awona yana nan cikin jaka,
tsakanin takardar kuɗin wuta da tsohon almakashi.
Shafi biyu kacal aka rubuta.
Sauran fari fat,
gonar da aka yi wa huɗa, ruwa ya ɗauke.

Ranar Talata ce.
Ina kan keken ɗinki a Kasuwar Barci
ina kafa hannun rigar wata amarya,
sai mara ta murɗa
kamar mai wanki ta kama zane tana matsewa.
Ban yi ihu ba.
Sai da na kai ƙarshen layi, na yanke zare da haƙori,
don kada a ce aikina ya karkace.

Rifkatu mai maɓallai, da shagonta ke jikin nawa,
ita ta ga bayan siket ɗina.
Ta kwance gyalenta ta ɗaura mini,
ta tare keke da hannu biyu kamar mai tare gobara.
Cunkoso ya riƙe mu a shatale-tale,
mai rake na ta tallarsa,
duniya ba ta san komai ba.

Likita ta juya allon wajenta.
Daga nan na gane.
Wata huɗu saura kwana tara.
Na uku ke nan.

Masu dubiya sun zo da lemo da magana.
"Ai ruwa ne ya zube, ya bar tulu."
Na ce haka ne.
Ba wanda ya ɗaga tulun
ya duba ko ya tsage.
"Allah ya kawo mai zama."
Na ce amin, na ce amin,
har amin ta yi mini nauyi a baki.
Ba tabarmar makoki, ba wainar sadaka.
Wanda bai yi kuka ba
ba a yi masa kuka da ƙarfi.

Ran Asabar Rifkatu ta tsallako gada daga Barnawa
da kunun gyaɗa a fulas mai fasasshen murfi.
Ba ta ce in yi haƙuri ba.
Ta zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta,
ta tsefe kitson da ya kwana arba'in,
tsinke na bin fatar kaina a hankali.
Can ta ce:
"Nawa da yanzu yana aji uku."
Ta yi shiru. Ta ce:
"Wane suna kika sa wa naki?"

Ban taɓa faɗa wa kowa ba,
ko Sabi'u.
Na faɗa mata a kunne,
sai kukan da na kulle tun a keke
ya ɓalle ƙofa.
Ta bar shi ya zuba. Ba ta tare ba.

Daren da aka kawo wuta bayan kwana shida
na ce wa Sabi'u: ina son hutu.
Shekara biyu, ko abin da ya fi.
Ba jayayya nake da Mai bayarwa ba,
manomi ma yakan bar fili ya zama saura.
Jinina ya ƙare, ƙafata na rawa a kan keke,
ina tsoron jan launi ko a atamfa.
Fanka ta yi ta juyi a kanmu.
Na ɗauka barci ya yi.
Da asuba ya goge kujerar mashin,
ya kai ni asibiti, ya tsaya ƙarƙashin dalbejiya
riƙe da jakata kamar jariri.
A hanya ya ce, ba tare da ya waiwayo ba:
"In Inna ta tambaya, ni zan amsa."

Safar ulu ruwan ɗorawa tana cikin aljihun keke,
ƙafa ɗaya ta kammala,
ɗayar na rataye a jikin kwarashi.
Ban warware ba, ban ƙarasa ba.
Da yamma in kasuwa ta lafa
Rifkatu kan buga katakon da ke tsakaninmu sau biyu.
Ni ma in buga.
Shi ke nan gaisuwar.