Daƙiƙa Goma a Valparaíso

Na hau tudu da ita cikin jakar cefane,
naɗe a tsohuwar rigar sanyin Baba.
Akwatin nan mai hawa da igiya yana nishi,
teku na ja da baya ta tagarsa,
jiragen ruwa na ƙanƙancewa kamar takalman yara.

Shagon Don Evaristo bai fi ɗakin girki ba.
Warin mai, warin takarda mai laima,
kyanwa kwance kan rediyo.
Na ce, hannun jan fim ne ya cije,
shekara talatin da ɗaya, ba gaba, ba baya.
Yayana Nibaldo ya gwada mata ƙarfin maza,
ga shaidar yatsansa a lanƙwasar ƙarfen.

Tsohon ya ja tsaki, bai ɗago ba.
“Ƙarfi na masu sauke kaya ne a bakin ruwa.
Nan lallashi muke yi.
Akwai fim a cikinta, kar wanda ya buɗe bayan.”

Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kifa ta.
Kusoshi uku, kowace ƙwayar riɗi,
ya jera su a faranti kamar mai rabon gado.
Ya ɗaga murfin gindi, ya manna gilashi a ido.
Giris ya daskare ya koma kakin zuma,
gishirin teku ya yi gida tsakanin haƙoran ƙarfe.
Ya goge, ya hura, ya sake gogewa,
ya taɓa hannun a hankali.
Ƙememe.

Sai ya juyo da fuskarta,
ya daɗe suna kallon juna.
Can gefen idonta wani ɗan hannu ne,
ya karkace, ya tsaya a rabin hanya.
“Wa ya ɗana wannan?”

Na tuna.
Lahadi ce, a kan soro, shanya na kaɗawa.
Baba ya ɗora ta kan ganga, ya ɗana agogon jira,
ya sheƙo da gudu, silifa ɗaya a ƙafa,
ya kutsa tsakanina da Mama Eduvigis,
yana haki, yana cewa kowa ya yi murmushi.
Muka yi, har kumatu suka gaji.
Shiru.
Ya yi dariya, ya ce gobe zai kai ta gyara.
Gobe ta haifi jibi, jibi ta haifi baɗi,
ta koma saman kabad,
shi kuma ya koma inda ba a aike.

“Ba lalacewa ta yi ba, ’yata, ƙirga take.
Ba ta jan sabon hoto
sai ta sauke wanda ta ɗaukar wa alkawari.”

Ya tsoma bakin allura a man layita,
ɗigo ɗaya, ko ma rabinsa,
ya zungure ta kamar mai tada jariri.
Sai ga wani kuka siriri,
ƙudan zuma a cikin kwalba.
Ya ajiye ta kan tebur da sauri, idonta a kaina.

Ban san na miƙe ba.
Ban san na gyara furfurata ba,
na matsa dama,
na bar fili a haguna.

Ƙyas.

Ya sa babban yatsa, hannun ya tafi sumul,
sha bakwai ta ba sha takwas wuri.
Ya ce in biya kuɗin kofi biyu,
in daina ajiye ta kusa da taga,
in gaya wa Nibaldo ya nemi wata sana’ar.

Na sauko a ƙafa, matakala ɗari da wani abu.
Ban kai fim ɗin wanki ba tukuna.
Na san abin da ke ciki:
mace dishi-dishi, bango cike da kyamarori,
wutsiyar kyanwa,
da wani gurbi daidai faɗin kafaɗa.