Hayaƙin da Ya Kama

A Kasala, idan Gash ya ƙafe ya bar yashi,
miskit ne ke da gari.
Ya cinye gonar albasar babanmu taku-taku,
ƙayarsa ta huda kofaton jaki, ta huda tayar amalanke,
saiwarsa ta riga guga isa ruwan rijiya.
Mun sare, ya tofo.
Mun ƙone, ya dawo da 'ya'ya.

Awadu maƙeri bai tanka ba.
Gwangwani biyu ya jawo, babba da ƙarami,
ƙwarya ta bi ƙwarya,
ya huda gindi, ya huda wuya,
ramuka a jere kamar carbi.
Ya ce in faskara itacen tsawon ɗan yatsa,
in shanya kwana tara.
"Ta sama za ka kunna," in ji shi.

Na ce, Awadu, wuta ta gindi take kamawa
tun kakanninmu na tahowa a ƙafa daga yamma.
Ya ce, "Su ma ai sun sha hawaye."

Daren da sanyi ya sauko daga duwatsun Taka
har akuya ta nemi jikin bango,
na kunna.

Itacen bai tashi da wuta ba.
Gumi ya yi, ya saki numfashinsa a hankali,
numfashin ya hau,
ya tarar da iska a ramukan wuya tana jiransa,
sai zobe,
shuɗi a ƙasa, ruwan zuma a sama,
ba tartsatsi, ba tari,
sai wani ɗan huci irin na jariri mai barci.

Inna Batula, mai shekara talatin tana tarin murhu,
ta miƙa tafukanta, ta juya bayansu,
ta ɗaga kai tana duban rufi.
"Ina hayaƙin?"
Na ce, shi ne kike jin ɗuminsa.
Ta daɗe ba ta ce uffan ba.
Can ta ce, "Ashe wuta ce aka hana ta hanya."
Ta gyara mayafi, ta yi barci a zaune.

Da asuba gawayi na tarar a ciki,
baƙi wul, marar nauyi.
Da shi ta dafa jabana, da citta mai yawa.

Na fita da kofina bakin gona.
Ga miskit can, ya sake tofowa a inda na sare.
Na tsaya ina kallonsa
kamar mai kallon wanda ya daɗe da cin bashinsa
ya fara biya kaɗan-kaɗan.